An Ce Ba Mu Dace Ba

Sau uku Tochukwu yana turo manyansa gidan Baba Sylvanus da ke Barnawa. Sau ukun nan ana ba su kujera mai kyau da ruwan sanyi, su tashi babu amsa. Baba ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Maganarsa ɗaya ce kullum: 'yarsa Damaris ba za ta auri Ibo ba, balle makanike, alhali ga Jethro ɗan ƙauyensu, mai aikin banki, yana jira tun bara.

Ibon da ake magana kuwa a Kakuri aka haife shi, kuma Hausar bakinsa ta fi ta Baba daɗi. Sai dai babu mai ƙarfin halin faɗa wa Baba haka.

Abu na biyu da Baba ya haramta shi ne fim. Dattijo ne a coci, kuma ya taɓa cewa ranar da ya ga fuskar 'yarsa a talabijin, ranar ta nemi wani uban. Ita kuwa Damaris, Allah ya jarabce ta da son abubuwan nan biyu, ta rasa wanda ya fi wani a zuciyarta.

Ranar Asabar da safe ta ce za ta Unguwar Boro gaida Anti Vicky. Ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiya ta faɗa. Anti Vicky tsohuwar maƙwabciyarsu ce, ta yi shekara goma sha biyar tana fitowa a wasannin talabijin, yau nas, gobe masifaffiyar mai gidan haya.

Tana ganin Damaris ta miƙo mata tsumma.

"Goge jan bakin nan. Odishin za ki, gwajin 'yan wasa, ba biki ba. Fuskarki suke son gani."

Damaris ta goge.

"Ki isa da wuri, ki zauna ki huta kafin a kira lambarki. In kin shiga, ki tsaya inda aka yi alama a ƙasa, ki faɗi sunanki da ƙarfi kamar ba aro kika yi ba. Kada ki kalli kyamara sai an ce ki kalla. In kin manta layi, ban da tsayawa ba da haƙuri, ki ci gaba abinki."

"To in suka ce a'a fa, Anti?"

"Ki ce kin gode, ki fito. Wataƙila doguwa suke nema, ke kuma Allah bai ja ki ba. Ni sai da na je sau goma kafin a ɗauke ni." Ta kama haɓar Damaris ta ɗago fuskarta. "Amma ga babbar magana. Sabon ɗan wasa ba ya saurare, jiran lokacin maganarsa kawai yake yi. Ke ki kalli idon wanda ke gabanki. Ki ji abin da ya faɗa, ki ji wanda ya kasa faɗa. A nan wasan yake."

Sanarwar gwajin ta ce a zo biyu-biyu, mace da namiji, domin masoya ake nema a sabon shirin. Shi ya sa Tochukwu ya rufe garejinsa ya zo ya ɗauke ta. Ya saba wasan kwaikwayo a cocinsu, kuma ko bai saba ba, in Damaris ta ce tashi, tashi yake yi.

A wani ɗakin taro da ke unguwar Television aka yi. Su ne na arba'in da uku. A bakin ƙofa aka miƙa musu takarda, layi shida kacal. Darakta, wani siririn mutum mai suna Abdulmalik, ya ɗaga hannu ya ce su fara.

Damaris ta tsaya kan alama, ta dubi Tochukwu, ta karanta nata: "Kafin mu tsaya gaban mutane, ka faɗa mini gaskiya. Akwai abin da ka ɓoye mini?"

Nasa layin ko ɗan firamare zai iya. Cewa kawai zai yi, babu abin da na ɓoye miki.

Tochukwu ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi fankar sama. Aka sake, ya faɗi rabi ya yi tari. A karo na uku ya faɗa duka, amma takalminsa ya faɗa wa.

Abdulmalik ya ajiye bironsa.

"Ke kin iya, 'yar'uwa. Amma biyu-biyu muke ɗauka, kuma ku biyun ba ku dace ba. Mutumin nan ko idonki ba ya iya kallo. Na gaba."

Ta ce ta gode, kamar yadda aka koya mata. Sai da suka shiga mota kukan ya ƙwace mata. Ta tambaye shi abin da ya same shi har sau huɗu, ya ce kansa ne ke ciwo. Haka suka zo Barnawa, ita tana kuka, shi yana tuƙi kamar an aiko shi da gawa.

A kwanar layinsu ya sauke ta don kada a gani. Aka kuwa gani. Uwarta, Mama Christy, na tsaye a bakin get da bokitin shanya a hannu.

Sai da suka shiga falo Mama ta juyo kanta.

"Unguwar Boro ke nan? Dubi idonki. Daga ina kuke?"

Damaris ta gaji, ba ta da ƙarfin ƙirƙiro wata ƙaryar. Ta ce a ranta, a yi ta ta ƙare.

"Mama, gwaji muka je."

Mama ta ajiye bokitin a hankali. "Gwaji? Ke da shi?"

"E."

"A ina?"

"A Television."

"Wa ya tura ku?"

"Mu muka kai kanmu. Anti Vicky ce ta ba ni shawarar yadda zan yi."

Damaris ta sunkuyar da kai tana jiran mari. Sai ta ji Mama ta ce, "Vicky ta kyauta. Allah ya yi mata albarka. To me aka ce?"

Ta ɗago ta dubi uwarta, kanta ya ɗaure. Anya Mama ce wannan?

"An ce ni da sauƙi. Amma mu biyun ba mu dace ba."

Mama ta zauna daɓas a kan kujera, ta ɗora hannu biyu a ka.

A nan sai na ɗan tsaya, domin gidan nan ba kamar kowane gida ba ne. A falon akwai hoton wani yaro sanye da kayan makaranta, Ben, ƙanen Damaris. Da ciwon sikila aka haife shi, ya sha wuya shekara goma sha ɗaya, ya rasu a hannun Mama. Baba AS ne, Mama AS ce, haɗin jinin da ke haifar da sikila ke nan, lokacin aurensu ba wanda ya san a duba. Damaris ma AS ce, kowa a gidan ya sani. Tun daga rasuwar Ben, in aka ce gwaji a gidan nan, abu ɗaya ake nufi, wato gwajin jinin da coci ke sa masu shirin aure su yi. Kuma a Television ɗin akwai ɗakunan gwajin jini ba ɗaya ba. Ya kamata Damaris ta tuna da wannan. Amma kanta na can wurin Abdulmalik da bironsa.

Mama ta jawo ta ta rungume, tana kuka sosai.

"Yi haƙuri, 'yata. Na san zafinsa. Amma gara yau da gobe. Ubangiji ne ya cece ku."

"Mama, ba ki yi fushi ba?"

"Fushin me? Ai hankali kika yi."

Damaris ta share hawaye, wani ɗan daɗi ya fara shigarta. Ashe duk shekarun nan Mama na bayanta ba ta sani ba.

"Sun ce za a sake wani a wata mai zuwa. Zan koma."

"Ki koma ki yi me? Abin nan ba ya canzawa, Damaris. Ko sau ɗari kuka je, amsar ɗaya ce."

"Anti Vicky ta ce ita sai da ta je sau goma."

Mama ta sake ta ta ja baya. "Sau goma? Da maza goma?"

"Ban sani ba ko da mutum ɗaya ne. Ni dai na ga kamar in na je da wani, za a dace."

"Yawwa. Yanzu kika yi magana. Ki je da Jethro."

"Jethro? Mama, mutumin da ko karatun Littafi a gaban coci sai ya yi gumi?"

"Me ya haɗa gumi da wannan?"

Suka tsaya suna kallon juna, kowace na zargin ɗayar ta fara zaucewa. Ana haka Baba ya shigo daga taron dattawa. Mama ta tare shi a ƙofa, ta ja shi ɗaki. Damaris ta zauna tana jiran a fito a ce ta nemi wani uban.

Da Baba ya fito, idonsa ya yi ja. Ya zauna kusa da ita, abin da rabonsa da yi tun tana sakandare.

"Uwata," ya ce, sunan da yake kiranta in yana jin tausayinta. "Kin yi jarumta. Da mu mun yi abin da kika yi yau, da yaron can bai sha wahalar da ya sha ba."

Ya nuna hoton Ben. Damaris ta bi yatsansa da kallo, ta rasa me ya kawo Ben cikin maganar fim.

"Kada ki damu. Na kira Jethro, yana hanya. Shi AA ne, na ga takardarsa da idona."

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Gwaji. Television. Ba mu dace ba. Ta ji falon yana juyawa da ita.

Ta buɗe baki ta gyara, harshen ya ƙi. In ta yi shiru, an binne maganarta da Tochukwu ke nan har abada, kuma da hannunta. In ta yi magana, Baba zai san 'yar dattijon coci ta je neman shiga fim. Ta duba nan ta duba can, babu wurin dafawa.

"Kira mini makaniken nan," in ji Baba. "Yanzu, a gabana. Wanda ya kai kansa gwaji ba tare da an tilasta shi ba, mutum ne. Ina son in gan shi."

Ta kira. Baba na zaune yana kallon bakinta, don haka abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Baba na son ganinka yanzu."

Jethro ne ya riga isowa, da takardarsa a cikin leda mai sheƙi, kamar shaidar kammala jami'a. Ya gaida su Baba, ya juyo wurinta da murya mai taushi.

"Sannu, Damaris. Na ji abin da ya faru. Ni a shirye nake, ko gobe mu je tare."

Ta kau da kai. Ba mugu ba ne Jethro. Matsalarsa ɗaya, ba shi take so ba.

Wajen ƙarfe biyar Tochukwu ya yi sallama. Ya sauya riga, amma baƙin mai na nan a gefen farcensa. Yau ce rana ta farko da ya taka falon nan. Ya durƙusa, Baba ya ce ya hau kujera, ya ƙi.

"Na ji sakamakon gwajinku," in ji Baba.

Tochukwu ya saci kallon Damaris. Ita kuwa tana ta yi masa alama da ido, shi bai gane komai ba.

"Baba, laifina ne. Ni na ɓata komai. Ita ba ta da matsala, a gabana aka faɗa."

"Ba laifin kowa ba ne, ɗana. Haka Allah ya halicce ka."

"Zan gyara, Baba. In na samu sati biyu ina maimaitawa, zan gyara."

Jethro ya yi 'yar dariya ya rufe baki. Mama ta girgiza kai don tausayi. Baba ya matso gaban kujera.

"Ka saurare ni. Na ƙi ka sau uku, kuma yau na ji kunya. Na ɗauka kai mai ɗauke mini 'ya ne ka tafi da ita Gabas. Ashe kai mai tsoron Allah ne. Ina faɗa a gaban uwarta, a gaban Jethro, Allah kuma shaida: da gwajin nan ya yi kyau, da na ba ka ita."

Sauƙin faɗa gare shi, tunda a ganinsa ƙofa ta riga ta rufe.

"Amma jini ba mota ba ne, balle ka kwance ka gyara," in ji Baba.

"Jini?" in ji Tochukwu.

Damaris ta ga yadda fuskarsa ta sauya, amma ba ta tsaya a kai ba. Maganar Baba ce ke yi mata amo a kunne. Da na ba ka ita. Ta zame daga kujera ta durƙusa a tsakiyar falo, hawaye na zuba.

"Baba, ba gwajin jini muka je ba."

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Gwajin shiga fim ne. Ana neman 'yan wasa a wani shirin talabijin, a Television aka yi. Darakta ne ya ce ba mu dace ba, ba likita ba."

"Fim," in ji Baba.

"E, Baba."

"Vicky da ta je sau goma fa?" Mama ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Fim ne, Mama."

Mama ta rufe fuska da gefen zane. Kafaɗunta na rawa, ba ka iya cewa kuka take ko dariya. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Damaris ta ji haƙuri na cika mata baki, sai ta tuna da Anti Vicky. Ban da tsayawa ba da haƙuri, ki ci gaba abinki. Ta ɗago ta dubi idon ubanta.

"Na ɓoye maka, wannan kam na yi laifi. Amma ina son aikin nan, Baba, kuma ina son Tochukwu. Shekara biyu ina haɗiye su biyun a gidan nan, na gaji. In za ka kore ni, ka kore ni kana sane da abin da ke raina."

Baba ya dube ta. Ya dubi Jethro, ya dubi matarsa, ya dubi makaniken da ke durƙushe a kan kafet ɗinsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ana gani a jijiyar wuyansa. Amma ya riga ya kira Allah shaida a gaban mutum huɗu, kuma shekara talatin yana wa'azi a kan cika alkawari.

"Baba, ai maganar da ka yi ɗazu a bisa kuskure ce," in ji Jethro.

"Kuskuren kunnena ne, ba na bakina ba." Ya juya ga Tochukwu. "Ranar Litinin ku je gwajin gaske, uwarta za ta raka ku. In ya yi kyau, turo manyanka. Ke kuma, maganar fim tana nan tsakanina da ke, kada ki ɗauka na manta."

Ya tashi ya shige ɗaki. Jethro ya mayar da takardarsa aljihu, ya yi sallama a gajarce ya fita.

Damaris ta raka Tochukwu waje, ƙafarta ko ƙasa ba ta ji. Rana ta yi sanyi, keke-napep na wucewa a bakin layi, ita kuwa sai zuba take yi kamar an kunna famfo.

"Ka ji abin da ya ce? Tochi, ka ji? Shekara biyu muna roƙo, yau kuskure ya ba mu. Wai Mama ta ɗauka Anti Vicky ta je da maza goma. Sai na kira ta na faɗa mata, za ta mutu da dariya. Litinin da sassafe za mu tafi, kafin layi ya yi tsawo."

Sai ta lura ita kaɗai ke magana.

Yana tsaye jikin motarsa, yana murza makulli a hannu. Mutumin da aka buɗe wa ƙofar da ya yi shekara biyu yana ƙwanƙwasawa, ko murmushi babu. Idonsa na kan takalminsa, daidai yadda ya yi a gaban Abdulmalik.

Ta daina jiran lokacin maganarta, ta tsaya ta saurara. Ta tuna fankar da ya kalla, da tarin da ya yi, da ciwon kan da ya zo masa rana tsaka. Ta tuna yadda ya ce "jini" a falo.

"Tochukwu, dube ni."

Bai ɗago ba.

"Layi ɗaya aka ba ka yau, ka kasa. Babu kyamara a nan, babu darakta. Zan sake ba ka." Ta matso kusa da shi. "Kafin mu tsaya gaban mutane, ka faɗa mini gaskiya. Akwai abin da ka ɓoye mini?"

Ya ɗago a hankali. Hawaye ne cike da idonsa.

"Tun watan Janairu na je," ya ce. "Ni kaɗai. Bayan kin ba ni labarin Ben."

"Me aka ce?"

"Na je wuri biyu, Damaris. Na ce ko na farkon kuskure ne."

"Me aka ce?"

"Kullum ina cewa gobe zan faɗa miki. Da Baba yana ƙi, sai na ga kamar ina da sauran lokaci. Na gwammace a ce shi ya raba mu, ba ni ba."

Ta riƙe ƙarfen get da hannu biyu.

"Faɗa mini da bakinka."

"AS ne ni."

Ba ta yi kuka ba. Kukan ma ya rasa ta inda zai fito. Tana tsaye tana kallonsa, shi ma yana kallonta, karo na farko tun safe da ya iya haɗa ido da ita.

Daga cikin gida Mama ta ɗaga labulen taga, fuskarta cike da fara'a.

"Damaris, tambaye shi ƙarfe nawa zai zo ɗaukarmu ranar Litinin."